Ranar da Aka Yi Mini Liƙi a Kurfi

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ranar da muka kai kiɗanmu Kurfi ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina karatu a Dutsin-Ma, mu huɗu muka haɗa ƙungiyar kiɗa: mai jitar lantarki, mai piyano, mai busa ƙahon bature, sai ni a kan ganguna. Ba mu da mawaƙi, kuma da gangan ne. Kiɗan jaz na Turawa muka ɗauko muka cakuɗa da kiɗan nan mai ƙarar tsiya da ake kira metal, muna sauya taki a tsakiyar kiɗa yadda mu kanmu sai mun yi da gaske muke haɗuwa. Maƙwabta suka ce kamar ana faɗa a maƙera. Mu kuwa gani muke mun zo da abin da ƙasar Katsina ba ta taɓa ji ba.

Matsalata Baba ne. Ɗan kasuwar hatsi ne a Kurfi, kuma tun kakanni babu makaɗi a gidanmu. A wajensa duk mai riƙe da ganga maroƙi ne. Bakina ya gaji da yi masa bayani cewa kiɗanmu babu waƙa, ba ma wasa kowa, balle mu miƙa hannu. Rannan ya ce, "To, zan zo in gani da idona. In na ga roƙo a ciki, ka aje sandunan nan har abada." Na ce na yarda, har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

Dama ta samu da bikin yayan mai piyano a Kurfi. Muka loda kaya a a-kori-kura, taya ta fashe a hanya, muka isa janareta ya ƙi tashi sai bayan la'asar. Kafin in taɓa ganga na riga na gaji tiɓis. Na hango Baba can gefe a kan benci, ya harɗe hannuwa.

Muka fara. Mata suka taso suna gyara gyale, amma da ƙafarsu ta kama taki sai mu sauya shi, suka yi cirko-cirko. Wani dattijo ya tambayi ango da ƙarfi, "Wai har yanzu gyaran kayan suke, ko an fara?" Ni dai daɗi nake ji a raina, tunda ba a kira sunan kowa ba, ba wanda ya taso da kuɗi.

Ashe gwaggon ango, wata Hajiya mai ƙiba, abin yana cin ranta. Sai ji na yi tana cewa, "Haba jama'a, bayin Allah sun jiƙe sharkaf, ba mai sallamarsu? Ai wanga abin kunya ne gare mu!" Ta ratso fili, ta wuce mai jita, ta nufo ni saboda na fi kowa gumi. Muna daidai wurin da ya fi wuya, in na ɗaga hannu ɗaya kiɗan ya rushe. Na girgiza mata kai, ita kuwa ta ɗauka kiɗa ne ya ratsa ni. Ta manna mini kuɗi a goshi, aka rangaɗa guɗa, sauran mata suka biyo layi.

Da na samu na share fuska, babu kowa a kan bencin.

Na tarar da shi a ƙofar gida bayan magariba. Na durƙusa na ce, "Baba, ai ka gani ban roƙa ba."

"Na gani," in ji shi. "Amma gobe a kasuwa ba wanda zai tambaye ni ko ka roƙa. Ce mini za a yi an ga ɗana da kuɗi a goshi."

Ko murya bai ɗaga ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ban sake hawa kan ganguna ba, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Ba na ganin laifin Hajiya, alheri ta yi don mutuncin gidansu. Abin da na koya shi ne, duk sunan da ka raɗa wa sana'arka a ɗaki, in ka fito da ita fili mutanen gari ne za su faɗi sunanta, kuma iyayenka ne za su zauna da abin da aka faɗa.