Sunan da Hamsatou Ba Ta Kira

Duk wanda ya zauna a unguwar Manshiya ta birnin Sabha, can ƙasar Larabawa, wajen 1977 ya san Hamsatou mai wanki, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce siririya, mai sauri kamar ana jiranta a wani wuri, alhali babu mai jiranta ko'ina. Fari ne ya koro su daga wani ƙauye kusa da Tahoua, ita da mijinta Zabeirou da 'ya'yansu mata biyu. A lokacin kuɗin mai sun shigo, Sabha gini take yi ba ji ba gani, duk inda ka juya siminti ne da rodi. Zabeirou ya samu aikin birkila a Tamanhint, can yake zaune, sai Alhamis ya zo ya koma Asabar. Sauran kwanakin Hamsatou ce da ɗaki ɗaya, da baho, da kayan Larabawan unguwa. Larabcinta bai wuce gaisuwa da sunan sabulu ba. Takan wuni ba ta yi magana da babban mutum ba. Kaɗaici yana cinta, ba ta kuwa da wanda za ta gaya wa.

Babbar 'yar, Hindatou, ita ce ta fari, kuma nan maganar take. A garinsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Kunya ce, kuma mutunci ne ga mace. Ita kanta Hamsatou 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, bai kuma dame ta ba, don a cinyar kaka da goggonni ta girma har ta sangarce. Abin da baiwar Allah ba ta lura ba shi ne, ta ƙetaro sahara da kunyarta cif, amma ta baro kakar da goggonnin a gida. A Manshiya sunan Hindatou "ke", wani lokaci "waccan". Ƙaramar kuwa, Saratou, daga safe har yamma sunanta ake kira, har da kirari.

Da aka sa Hindatou makarantar 'yan mata ta unguwa, sai ga yarinya da kai. Cikin shekara biyu Larabci ya zauna a bakinta, lissafi kuwa kamar da shi aka haife ta. Hamsatou ba ta san ko alif ba, amma idan yarinyar ta fita ɗebo ruwa sai ta lallaɓa ta buɗe littattafanta, ta bi jan biron malama da yatsa, tana murmushi ita kaɗai. Da ta ji motsi sai ta rufe, ta ɗaure fuska.

Ƙarshen shekara Hindatou ta zo ta ɗaya, aka gayyaci iyaye mata. Hamsatou ta ɗaura zanenta mai kyau guda ɗaya, ta je ta rakuɓe a bayan aji. Tana kallo matan Larabawa suna guɗa, suna rungumar 'ya'yansu, har wadda 'yarta ta zo ta goma sai da ta sumbace ta a goshi. Can malamar ajin, wadda yara ke ce wa abla, ta jawo Hindatou har gaban uwarta, ta zuba magana tana fara'a.

"Inna," in ji Hindatou, don ita ce tafinta, "abla ta ce ke ce uwata? Ta ce kin haifi ɗiya ta kirki."

Ido ya yi wa Hamsatou yawa. Zuciyarta fal take da murna, amma bakinta ya faɗi abin da duk macen kirki za ta faɗa a garinsu. Ta kawar da kai ta ce, "Wannan? Ɗiyar mutane ce. Babu abin da ta iya sai ƙiwuya."

Da a gida ne, da mata sun kwashe da dariya, wata goggo ta sure yarinyar tana yi wa uwar tsiya. A nan babu wanda ya san wasan. Abla tana jira. Hindatou, 'yar shekara tara, ta juya ta fassara maganar kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba.

Da aka dawo hutu, 'yan ajin sun gama yanke hukunci: baƙar yarinyar nan ba ta da uwa, 'yar aikin mai wanki ce. Wadda suke zama benci ɗaya ta koma wani. Hindatou ta daina ɗaga hannu, ta daina aikin gida, jan biron ya koma gicciye. Hamsatou ta gaya wa Zabeirou ran Alhamis, ya ce yarinta ce, za ta wuce, ya koma Tamanhint.

Ba ta wuce ba. Wata la'asar suna shanya, yarinyar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inna, daga wannan sati na bar lakwal, ba ni komawa aji. Ni kama miki wanki, tunda don shi aka ba ki ni." Ta matse wata riga. "Amma ki hwaɗa mini, wa ta haihe ni? Tana da rai?"

Hamsatou ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Ta tuna kwana biyun da ta yi tana naƙudar yarinyar nan. Amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ke, miƙo wancan zane." Ba ta taɓa jin haushin kanta irin na ranar ba.

Washegari ta bar wanki a jiƙe, ta goya Saratou, ta je ta tsaya a ƙofar makaranta tun kafin a tashi. Tana tsaye tana juya sunan a baki, kunya kamar ta nutse, tana ji kamar uwarta da duk matan ƙauyensu sun zuba mata ido. Aka kaɗa ƙararrawa, 'yan mata suka fito biyu-biyu, uku-uku. Hindatou ta fito ita kaɗai daga ƙarshe, kanta a ƙasa.

"Hindatou," in ji Hamsatou. Muryar ko ƙafa uku ba ta yi ba.

Ta runtse ido, ta sake da ƙarfi, yadda duk 'yan ajin suka waiwayo. "Hindatou! Ɗiyata!"

Yarinyar ta ɗago. Ta duba wajen abla, ta duba wajen 'yan ajinsu, ta duba bayanta, tana neman mai kiran. Sai daga baya idonta ya sauka kan uwarta, ta ga hawaye, ta ga hannu a miƙe. Jakar ta suɓuce mata. Ta taho da gudu.

"Inna," ta ce, "wa ya rasu?"