Sunan da Na Karanta wa Ɗan Rediyo

Ban taɓa buga ƙwallo ba. Aikina a ƙungiyar 'yan matan unguwarmu shi ne riƙe kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa. Madam mai koya mana wasanni a lise, wato sakandare, ita ce ta ɗora mini shi, don rubutuna ba ya karkacewa, kuma ba ni da surutu.

A wani fili mai yashi a Kara-Kara muka fara, da ƙwallo ɗaya da duwatsu a madadin raga. 'Yan wasa kan zo da zane a kan wando, su kwance shi a gindin bishiyar bedi. Shekarar farko duk waɗanda muka kara da su sun ci mu. Ta biyu muka je Takieta muka yi kunnen doki. Ta uku sai ga mu a wasan ƙarshe na jiha.

Muna da ƙa'ida ɗaya. A fili ba a kiran kowa da sunan yanka, sai da laƙabi, domin da yawa iyayensu mata ne kaɗai suka san inda suke zuwa. Sunayen gaskiya a kayena suke.

Mai tsaron ragarmu 'yar wani baduku ce a Birni, doguwa, mai yawan dariya. Babanta ya ɗauka darasin yamma take zuwa. Kullum sai ta tsokane ni: "Malama, kin rubuta wadda na kaɓe, ko kina can cikin littafinki?"

A wasan ƙarshe ta kaɓe bugun daga kai sai mai tsaron gida har biyu, muka ɗauki kofi. Ana cikin rungumar juna wani ɗan rediyo ya nufo ni.

"Ke ce sakatariya? Wannan doguwar, ya sunanta?"

Na faɗa masa laƙabin. Ya yi dariya.

"Haba ƙanwata, wannan ai sunan wasa ne. Ba ni na takarda."

Ban iya musu da babba ba, kuma tun ina ƙarama ba na son abu ya tafi ba daidai ba. Na buɗe kaye na karanta masa sunanta da na babanta. Da ya rubuta, har na leƙa na ga ko ya yi kuskure.

Washegari da hantsi babanta yana rumfa yana ɗinkin fata, abokan sana'a kewaye da shi, rediyo a rataye. Aka faɗi sunan. Bai dake ta ba. Ya ce kawai shekara uku ana yi masa ƙarya a cikin gidansa. Kafin sati ya cika, ya kai ta ƙauyen Gaffati wurin gwaggonta. Sauran iyaye mata suka tsorata, kowace ta janye 'yarta. Madam ta ci gaba da zuwa fili, tana tarar da mutum biyar, daga baya uku, har ta daina.

Sai bayan kaka na samu ƙarfin zuwa Gaffati. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Ta matsa mini a tabarma.

"Ni ce na faɗa," na ce.

"Na sani mana. Wa ke da sunan in ba ke ba?"

"Ki yafe mini."

Ta tura mini gyaɗa gabana. "Ɓare, Malama, kar ki zauna haka. An ce sau uku suka faɗe shi a rediyo. Ni ko ɗaya ban ji ba, ina wanke-wanke."

Na ce zan roƙi Madam ta je ta ga babanta. Ta ce Madam ta riga ta je, ya gaisa da ita da mutunci, ya raka ta har bakin titi.

Muka yi ta ɓara. Can ta tambaye ni, ba ta ɗago kai ba, wa ke tsaron raga yanzu. Na ce babu kowa, ƙungiya ta watse. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Gwaggonta ta kira ta daga ɗaki, ta amsa, ta tashi ta karkaɗe zanenta ta shiga.