Shafin Ƙarshe Ba Na Yaya Muntari Ba Ne

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Muntari. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni ba marubuciya ba ce. Sakandare na gama na tsaya, kuma a bayan kanta nake wuni, a wani shagon magani a Lewisham. Bana ma da an bar shi ya kwanta lafiya, da ban ɗauki biro ba. Amma an sa masa magana a baki yana kabari, aka kuma yanke masa hukunci a kan maganar da bai faɗa ba. Ni kuwa ba na iya haɗiye abu.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Muntari mai ciwon sikila ne, kuma mai zane. Muna yara aka kawo mu London daga Fagge, muka sauka a wani flat na council, gidan hayar gwamnati, a Thamesmead, hawa na shida, inda lif ke aiki ran da ya ga dama. Da sanyi ya shigo ciwon yake kwantar da shi, sai ya ɗora allon katako a gwiwa ya yi ta zane. Komik yake yi, irin littattafan nan na jarumai masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya. Nasa jaruman biyu ne, Garkuwa da Guguwa, Hausawa ne, kuma 'yan unguwarmu. Garkuwa ba abin da ke ratsa jikinsa, bai san ciwo ba. Ba sai na gaya muku abin da zai sa mai sikila ya ƙirƙiro mutumin da bai san ciwo ba. Guguwa siriri ne, ga gudu ga surutu. Idan sun gama da mugaye ba sa tashi sama su koma gida. A ƙasa suke takowa ta bakin tafkin unguwa, riƙe da hannun juna, suna gardamar wanda ya fi wani aiki.

Na san inda wannan riƙon hannu ya fito. Akwai wani tsohon hoto na marigayi Babanmu da amininsa Alhaji Tanimu, sun fito daga masallacin Juma'a a Kano, 'yan yatsunsu a sarƙe, kamar yadda aminai ke yi a gida ba wanda ya ɗaga ido ya kalle su. Da Alhaji Tanimu ya kawo mana ziyara, muna tafe a kasuwar Lewisham ya kamo hannun Baba kamar kullum. Baba ya zare nasa a hankali, ya ce, "Nan ba a yi, Alhaji." Alhaji Tanimu ya cusa hannunsa a aljihu. Yaya yana bayansu, ya gani. Daga wannan makon Garkuwa da Guguwa suka fara riƙe hannu.

Tun yana raye ake gardamar nan ta jarumai masu son jinsinsu. Duk sanda wani babban kamfanin komik ya sanar cewa jarumi kaza namiji yake so, sai group ɗin danginmu na waya ya kama da wuta. Kawu Lawan, yayan Ummanmu, shi ne kan gaba, yana cewa an gama da 'ya'yanmu. Yaya ya taɓa ba shi amsa muna cin tuwo: "Kawu, mutum yana fitar da wuta ta ido bai dame ka ba, yana rushe gari guda bai dame ka ba, sai yanzu ka san da zamansa?" Kawu bai gama tuwonsa ba ya tashi. Amma kar wani ya ɗauka Yaya na ɗaya ɓangaren ne. Shi dai ne ya ce wa abokinsa Awudu haushi yake ji idan kamfani ya ɗauko jarumin da wani ya yi shekaru yana ginawa, ya liƙa masa sabuwar soyayya kamar sitika don a yi ta maganar littafin. "Wanda ke da labari ya zana nasa," in ji shi, "kar ya ari bakin wani." Kowane ɓangare ya sha haushinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Awudu ɗan zangon Kumasi ne, yana zaune a Deptford. Tun makaranta suke tare. Ya ɗauki gawar Yaya a kafaɗarsa, ya shiga kabarin ya karɓe shi. Shi ya sa da Kawu ya ce a ƙona zanen, wai hoton mai rai zai zame wa mamaci azaba, ban yi dogon tunani ba. Ranar sadakar arba'in, ana rabon tufafin Yaya, na zare kwalin zanen daga ƙarƙashin gado na rufe shi da bargo, na sauko da shi hawa shida a ƙafa don lif ya ƙi. Na miƙa wa Awudu a bakin tashar bas, na ce, "Amana ce. Ka ajiye, kar kowa ya taɓa." Ya ce wallahi. Ina da shekara goma sha bakwai lokacin, kuma na ɗauka idan Musulmi ya ce wallahi a kan amana, magana ta ƙare.

Bara waccan wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta ta saman kantar shagon, ta ce, "Wannan ba sunanku ba ne?" Littafi ne, wani ƙaramin kamfani ya buga. Ga Garkuwa da Guguwa a bango, ga sunan Yaya cikakke, har da sunan Baba. A ƙasa an rubuta cewa su ne masoya biyu maza, Hausawa, masu ceton London. Na sayo shi ranar. Shafi talatin da ɗaya Yaya ya zana a labarinsa na ƙarshe, na sani don ni nake fere masa fensir. Ya tsaya ne daidai inda suke tafe a bakin tafki, sai ciwon ya zo bai tashi ba. Littafin kuwa shafi talatin da biyu ne. A na ƙarshen suna sumbatar juna. Wani aka samu ya kwaikwayi hannunsa, kuma ba inda aka rubuta haka. Ni da kallo ɗaya na gane, don Yaya bai taɓa iya zana kunne da kyau ba, wannan kuwa kunnuwansa tsaf. Awudu har hira ya yi, ya ce marigayin labarin kansa yake bayarwa, wanda bai iya gaya wa danginsa ba.

Abin da namu mutanen suka yi ya fi min ciwo, kuma zan faɗa ko da za a daina gaishe ni. Ba wanda ya karanta shafi talatin da ɗayan nan. Na ƙarshen kaɗai aka ɗauki hotonsa aka yi ta turawa, daga Thamesmead har Fagge. Ba mutum ɗaya da ya buga ya tambayi Umma ko ni. Mutanen da Yaya ya zana musu katin biki kyauta, waɗanda ya koya wa 'ya'yansu lissafi yana kwance da ledar ruwan zafi a baya, su ne suka riƙa cewa ashe ɗan luwaɗi ne, Allah Ya tona. Kawu ya turo saƙon murya mai kalma huɗu: "Da an ƙona su." Duk shekara Umma tana yin waina ta sadaka ranar da ya cika, mu raba gidaje. Bara na zaga da wainar a bas, tire uku. Biyu suka dawo yadda suka tafi. Wata hajiya da muke kira Gwaggo ta buɗe ƙofa da sarƙa a jiki, ta ce suna azumi. Ranar Asabar ce fa, kuma ina jin ƙamshin miyarta. Tun daga ranar Umma ba ta ƙara ambaton sunansa a gabana ba, kuma bana ta ce ba za ta yi wainar ba.

Makon jiya na yi cancel ɗin aikin rana na tafi Deptford. Awudu bai yi mamakin ganina ba. Da irin Hausarsu ta zango, wadda kowa "kai" ne a wurinsu, ya ce, "Rukayya, kai ba ka gane ba. Zauna ka ga wani abu." Ya ɗauko wasiƙu daga matasa, wasunsu Musulmi, wasu ma Hausawa, suna cewa littafin ya sa sun ji ba su kaɗai ba ne a duniya. Na karanta biyu. Ba zan yi ƙarya ba, sun taɓa ni. Ba ni da faɗa da waɗannan mutanen. Na san abin da addinina ya ce, na kuma san ba a ba ni kujerar alƙalanci ba. Amma su ma an yaudare su, an ba su mamacin da bai ce musu komai ba.

Na ce, "Ya gaya maka da bakinsa?"

"Bai faɗa ba. Amma ni na san shi."

"Ni ma na san shi, malam. Ni na wanke masa ƙafa. Ya gaya maka?"

Ya ce kamfanin ne suka ce labarin ba shi da ƙarshe, kuma duk wanda ya ga maza biyu sun riƙe hannu a garin nan ya san me ake nufi. Na ce, "Kai ma? Kai da kakanka ke riƙe hannun abokinsa a Kumasi?" Na ce masa idan yana da labari ya zana nasa ya sa sunansa, mai rai ne, zai iya tsayawa ya amsa. Na ɗauki kwalina na fito. Bai hana ni ba.

Ana tambayata, to shi ɗin haka yake ko ba haka yake ba? Amsata ita ce ban sani ba. Na san inda hannun ya fito, abin da ke zuciyarsa kuwa ya tafi da shi. Awudu bai sani ba, Kawu bai sani ba, Gwaggo mai azumin Asabar ba ta sani ba. Da haka yake, shi ke da ikon faɗa ko rufewa, kuma da ya faɗa ɗin ma yayana ne, ni zan ci gaba da fere masa fensir. Abin da na sani kawai shi ne mutum biyu da ba sa ga maciji, mai son tallata shi da mai son tsine masa, sun haɗu a kan shafi ɗaya da ba nasa ba, kowa ya sami abin da yake nema. Da zai leƙo yau, ina jin da farko dariya zai yi, ya ce a yaba wa wanda ya gyara masa kunnuwa. Sannan ya ga tiren wainar Umma a kan tebur, dariyar ta tsaya.

Da na dawo gida na baje shafukan a kan kafet, na asali, da dattin yatsunsa da inda shayi ya ɗiga. Ban kira Umma ba. Ta fito za ta shiga kicin, ta tsaya. Ba ta taɓa kallon zanensa da kyau ba, wasan yara ta ɗauke shi. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki shafi na talatin da ɗaya, ta matso da shi kusa da fuskarta. Ta daɗe. Sai ta ce, "Wannan ai Babanku ne. Dubi yadda ya karkata kafaɗa. Wannan mai surutun kuma Alhaji Tanimu." Ta shafa takardar da bayan hannunta. "Muntari ke nan. Ashe ya gani."

Karon farko ke nan da na ji sunan a bakinta cikin shekara guda.

Ba na neman kowa ya ba mu haƙuri, na daina jira. Wanda ke da littafin ya sani shafin ƙarshe ba nasa ba ne. Wanda ya tura hoton ya sani bayan mamaci ya yi magana, kuma akwai ranar da za a tambaye shi. Abin da ya rage na Yaya shafi talatin da ɗaya ne, da mutum biyu da suka gama aikinsu suna takawa gida, ba wanda ya zare hannunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi.

Umma ta miƙe daga kan kafet ɗin, ta dafa bango, ta ce, "Je ki jiƙa shinkafa." Na ce kamar ta nawa, ganin yadda aka yi bara. Ta ce ta tire uku.