Kwano Ɗaya a Ƙofar Gidan Yaya

Masana a ƙasar Turawa sun ba ɗan yayata lambar yabo, ni na raka shi garinsu Jugu ya nuna wa uwarsa.

Mun tashi da asuba daga Zongon Paraku a cikin Fijo mai rumfar tamfol. Gaba muka biya, kusa da direba, don ƙafata ba ta lanƙwasuwa tun da na fito daga kaso. Ga wanda bai san labarin ba, tarho na buga Kwatano kan cinikin taya, na haɗa da zagin masu mulki, ashe akwai kunne na uku a kan wayar. Shekara biyu na yi a rufe. Tun daga nan ba na haɗa kwano da kowa, ko a gidan suna ne. Duk dangi sun sani.

Yaron malami ne a jami'a. Radiyon gwamnati ya ce kamarad wane, yadda suke kiran nasu, ya yi bincike kan sirrin saƙonni, duniya ta yaba. Yabon nan shi ya ɓata shi. A zamanin da muke ciki, wanda radiyo ya yaba, aka kuma ambaci sirri, mutane sun gama magana: ɗan rahoto ne. Yaya ta aiko mini cewa ta sayi rago na walima, amma tana tsoron ta dafa ba mai ci. Ni kaina ban yarda da shi ba tukuna.

Hanyar jar ƙasa ce, ta yi kunya-kunya kamar gonar gero, haƙoranmu na kaɗawa. Mun tsaya a Beteru, bakin gada. Mata na sayar da soyayyar doya da wagashi, cukun Fulani, da dala goma ka ƙoshi. Na sayi nawa, ya sayi nasa. A nan na ce ya gaya mini aikinsa da bakin da zan gane.

Ya ce kwaɗo yake ƙerawa, amma da lissafi. Saƙo ya tashi daga wata na'ura zuwa wata ta waya, wanda ya laɓe a tsakani ba ya ganin komai sai shirme, mai saƙon kaɗai ke da mabuɗi. Na tambaye shi ko har gwamnati.

"Har ita, Kawu. Shi ya sa radiyo kawai suka ba ni, ba su ba ni ofis ba."

Na ci gaba da cin doyata. Baki kowa yana da shi.

Kafin Jugu muka tarar da shingen jandarma. Na sha ganin 'yan rahoto a shinge, kati suke nunawa ta taga a sara musu. Shi kuwa aka sauke shi, aka zazzage jakarsa a ƙasa, littattafai suka sha turɓaya. Jandarman ya ɗaga lambar ya tambaya ko ta ƙwallon ƙafa ce. Da ya ji ta karatu ce sai ya jefa masa, kuma sai da malamin jami'a ya ajiye na goro kamar kowa. Ban taɓa jin daɗin ganin an wulaƙanta jinina ba sai ranar.

Mun isa da azahar. An daka sakwara, rago ya dahu, tabarmi shimfiɗe a tsakar gida, ba kowa a kai sai kaji. Maza na wucewa, su yi sallama daga nesa su ƙara sauri. Na ce wa Yaya a fitar da tabarma ɗaya bakin titi, a kawo mana kwano ɗaya. Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta ɗauko kwanon da kanta.

Muka sa hannu. Wani tsohon tela, abokin wasana, ya bar keken ɗinkinsa ya tsallako.

"Tsohon ɗan kaso, yau da wa kake haɗa hannu?"

"Da mai toshe kunnen da ya kai ni kaso. Wanke hannunka, mayunwaci."

Ya wanke. Bayansa mahauci ya zo, sai liman, sai unguwa duka. Lambar ta zaga hannu zuwa hannu har ta yi maiƙo, liman ya yi addu'a. Naman bai isa ba, Yaya ta yi ta faɗa tana dariya.

Washegari muka dawo Paraku, yaron ya hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano wajen aikinsa. Abin da na gani shi ne, Turawa sun ba shi lamba, amma sai da ya ci sakwara a bakin titi garinsu ya karɓe shi.

Yanzu ina rumfar tayata a Zongo. Har yau ni kaɗai nake cin abinci, sai in ya zo hutu.