Tafiyata Kpalimé Kan Jinin Jikata

Ana sallame asuba muka fito daga Zongon Lomé, mu ungozomomin unguwa da asibitinmu ya zaɓa mu je Kpalimé a ƙara mana sani kan abincin mai ciki. Da farko na ce me ya rage a koya mini, ni da na yanke cibiyar rabin layinmu. Abin da ya tashe ni jikata ce. Cikin fari gare ta, an ce jininta ya yi ƙasa, tana shan ƙwayar ƙarin jini amma in ka ja fatar idonta fara fat. A asibitinmu sun ce in bai hau ba, sai babban asibiti, inda ba a barin irina shiga ɗakin haihuwa.

Zemijan, wato ɗan acaɓa, shi ya kai ni tasha ta Djidjolé, ina riƙe da rigarsa ina salati. Motar kuwa an cusa mu kamar buhunan gawayi, har da wata mai kwandon kaji a gefena. Muna barin Lomé hanya ta miƙe sumul, ƙasa ta yi kore, duwatsu suka fara leƙowa ta cikin gajimare. Duk inda muka tsaya sai mata su yo kanmu da ayaba da abarba da lemu. Tulin lemun da ake ja mini rai a kansa a kasuwar Hédzranawoé, nan da sefa ɗari biyu aka cika mini leda har da gyara.

Kpalimé akwai sanyi mai daɗi. Sakwararsu laushi kamar auduga, sai da na ƙara, na ce wa abokan tafiya ciwon gwiwa ne ke sa ni ci.

Malamar da ta koyar da mu wata ungozomar asibiti ce mai fara'a. Da ta ga Faransanci bai shige mu ba sai ta juya Mina, yaren da na goge a kasuwa. Ta baje zogale da ganyen miyan da suke kira gboma da wake da hanta da ƙananan kifi a kan tebur. Na ce a raina duk wannan jikata na ci. Can sai ta ɗaga kofin shayi, ta ce in an kora abinci ko ƙwaya da shi, yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini. A ba shi tazara, a sa lemu a madadinsa.

Nan na dafe ƙirji. Mijin jikata mai shayi ne a bakin masallaci. Tun da ta samu ciki, saboda so, duk cin abinci sai ya aiko mata da kofin shayi mai kauri, da shi take haɗiye ƙwayar.

Da muka dawo ko mayafi ban cire ba na wuce gidansu. Na tarar da shi da kansa yana ajiye mata kofi kusa da tuwo. Na ɗauka na kurɓa, na miƙa mata lemu.

“Kaka, shayin nawa kuma ya yi laifi?”

“Shayinka lafiyarsa ƙalau, lokacinsa ne ka ɓata. Daga yau kofin bayan abinci nawa ne, nata sai hantsi.”

“To ke wa zai duba naki jinin?”

“Ni na gama haihuwa tun ba a haifi uwarka ba.”

Ya yi dariya, ya kuma bi. A awon da ta je bayan nan an ce jini ya fara hawa, in ya ci gaba a unguwa za ta sauka. Tafiyar nan ta koya mini in daina tsayawa kan tambayar me mai ciki ta ci, in riƙa tambayar da me ta kora. Ni dai na wanke zanen aikina na ninke, ina jiran a buga mini ƙofa.