Matar Da Ta Sa Na Tona Asirin Kaina a Tsakiyar Ruwa

Ni ɗan masunta ne, a Yauri aka haife ni, kuma har na yi gemu ban san wata sana'a ba sai gyaran koma, wato ragar kamun kifi. Ɓatana ya faro ne daga zare kifi ɗaya biyu a ragar mutane, ina ce wa kaina ai ruwa na Allah ne. Daga nan na koma yankan aljihu ranar kasuwa.

A can na haɗu da wani tsohon ɓarawo, ya koya mini abin da ya kira aikin masu hankali: a zuba wa fatake magani a zoɓo. Kala biyu yake haɗawa, ketamin, wanda likitoci ke gusar da hankalin mutum da shi kafin tiyata, da ƙwayar kwantar da hankali irin su diyazafam. Ya ce barci kawai suke sawa. Na yarda, don ina son in yarda.

Wata ranar kasuwar Wara na shiga jirgin ruwa kusa da wani mai fataucin albasa, Alhaji Ɗanjuma, mutum mai fara'a, har goro ya ɓara ya ba ni. Ni kuma na miƙa masa gorar zoɓon da na zuba wa maganin, ya sha ya maido mini. Muna tsakiyar ruwa ya jingina da buhu, idonsa a buɗe tar, amma ba ya gani. Sai ya fara wani irin minshari, leɓensa ya canza launi.

Fasinjoji suka ce iskar ruwa ce ta taɓa shi, wani ya ɗebo ruwa zai ɗura masa. Sai wata tsohuwa ta taso daga kan buhun dawarta ta buge kofin. Inna Rahila ce, Kirista daga ƙauyukan kan tudu, wadda ta tsufa tana aikin jinya. Ta kwantar da shi ta gefe, ta ɗaga haɓarsa, ta kwakule amai daga bakinsa da gefen zanenta, ta ce wa direba ya juya. Ban taɓa ganin mutum mai natsuwa irin tata ba.

Ta ga gorar a hannuna, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Ɗana, mi kab ba shi? Lumfashinai na tsayawa. In likita bai san mi yas sha ba, rasa shi za mu yi."

Na ce, "Inna, in na hwaɗi, ruwa za su jefa ni."

Ta ce, "Sai dai su jefa mu tare. Hwaɗi."

Na faɗa. Matasan jirgin suka yo kaina da filafilai, ita kuwa ta zaunar da ni bayanta, hannunta ɗaya a haɓar Alhaji, ta ce duk mai ƙarfi ya ajiye shi don ɗaukar mara lafiya. Haka ta riƙe mu, ni da shi, har gaɓa.

Alhaji ya rayu. Likita ya ce magungunan nan biyu in sun haɗu danne numfashi suke, mutum ya shaƙe da amansa bai sani ba. Ni kuma aka yanke mini shekara uku. Sau biyu Inna Rahila ta zo gidan yari da ƙunshin busasshen kifi, na ci ina kuka don kunya. Da na fito na je na durƙusa gaban Alhaji ya yafe mini, ita kuwa na tarar ta rasu.

Ku matasa, na san yanzu wasunku da hannunsu suke haɗa waɗannan ƙwayoyi don nishaɗi. Ku bari, don Allah. In abokinku ya faɗi, kar buɗaɗɗen ido ya ruɗe ku, kar ku ɗura masa komai. Ku kwantar da shi ta gefe, ku kai shi asibiti, ku faɗi abin da ya sha ko da zai ja muku ɗauri. Ni na yi shekara uku na fito na ga 'ya'yana. Da na yi shiru ran nan, da 'ya'yan Alhaji ba su ƙara ganin ubansu ba.