Kyauta da Marfin Tukunyar Coci

Kyauta maƙwabciyata ce a Wurno, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma katangar ta gaji da tsayuwa. Ita Kirista ce, ni Musulma. Haihuwar wani ƙauye ce bayan Rabah, aure ya kawo ta. Mijinta Sale gadin injin ban-ruwa yake yi a fadama har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata kaskon suyar kifi da cocinsu, ɗan ɗaki mai rufin kwano a bakin gari. Ba ta waƙa a cocin, don muryarta ko akuya ta ji sai ta bar dusa. Aikinta girki. Kirsimeti ko biki, ita ce kan babbar tukunyar coci, irin wadda yaro zai yi wanka a ciki, kuma kwanona bai taɓa fashin ƙetaro katanga ba.

Sai rigima ta shigo tsakanin babban fasto da ƙarami. Na tambayi Kyauta a kan wace aya suka saɓa, ta ce ita dai ƙaramin ne ya riga zuwa ta'aziyyar Sale. Iyakar iliminta kan rikicin ke nan.

Ran da ƙaramin ya ɓalle zai buɗe nasa cocin, kowa ya rarumi abin da hannunsa ya kai: benci, ganga, agogon bango. Kyauta ta nufi tukunya, ta iske Rahama, shugabar zumuntar mata, ƙawarta tun suna amare, ta riƙe kunnen tukunyar gam. Kyauta ta fizge marfin, gefensa ya tsaga hannun Rahama, ta aza shi a ka ta fito da gudu. A ƙofar gida ta faɗi da shi. Na leƙo na ga kunkuru mai zane.

Sabon cocin bai daɗe ba. Ƙaramin fasto ya sami wuri a birni ya tafi, mabiyansa suka riƙa komawa da benci a ka, ana yi musu dariya ana matsa musu wuri. Kyauta ba ta koma ba. Mai benci bai fitar da jinin kowa ba. Ran Lahadi sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta zauna bakin gado har a tashi daga coci. In ta hango Rahama a kasuwa sai ta bar kifi a kasko ta shige bayan buhunan albasa. Marfin yana kife bayan rumbu, ko kuɓewa ta ƙi shanyawa a kansa.

Bara aka sa babban taron cocinsu na yankin a Goronyo. Na leƙa katanga.

"Kyauta, za ki?"

"Da wace huska, Inna?"

"Da wagga da kike suyar kihi da ita. Kina da wata ta cikin akwati?"

"Mi zan ce musu?"

"Ki ce marhi ya gaji da gwauranci."

Ba ta yi dariya ba, amma da asuba na ji ana janye ƙarfe bayan rumbu. Na ce ina da sayen kifi a bakin dam, na bi ta. Ta naɗe shi da zane ta rungume. A mota Mu'azu direba ya ce, "Mama, kwanon talabijin munka ɗauko?" Ta sunkuyar da kai har muka sauka.

Mutane sun cika rumfuna, lasifika tana wa'azi kan 'yan'uwantaka. Kyauta ba ta ko dubi wajen ba. Ta zagaya baya inda hayaƙi ke tashi, kowane gari da murhunsa. Ga tukunyar nan a murhun Wurno, an rufe ta da tsohon kwanon rufi, an danne da duwatsu, tururi yana tsere ta ramukan ƙusa. Rahama tana tsaye da muciya.

Mata suka juyo. Kyauta ta durƙusa ta kwance zanen. Ta ajiye marfin gaban Rahama. Ni da ban da abin kunya a wurin, sai da na gyara lulluɓi.

Rahama ta dubi marfin, ta miƙa hannu ta shafa shi, hannun nan mai tabo, ba ta ɓoye ba.

"Kin san mi anka ce muna taron da yaw wuce?" in ji ta. "Matan Wurno ba su iya dahuwar shinkahwa ba. Wurno hwa, inda ake nomanta. Sama ɗanye, ga tsatsa, munka ba baƙi."

Kyauta ta ce, "Yaya Rahama..."

"Wanke shi."

Ta wanke da toka, ta sake wankewa, hawaye na ɗiga a kai. Aka janye kwanon rufi, ta aza marfin. Ya ƙi zama. Faɗuwar da ta yi da shi ta lanƙwasa gefe ɗaya, tururi yana fita ta nan. Ta tsaya tana kallonsa kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Rahama ta tura mata kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ta jefa mata tsumma.

"Zamna ki danne shi. Ke kinka lanƙwasa."

Haka Kyauta ta ci taron nan, a bayan rumfa, hannu bisa marfi, hayaƙi a ido. Ba ta ji wa'azi ko ɗaya ba. Da aka sauke, shinkafa ta nuna har sama. Wata tsohuwa daga Rabah ta ce a ƙaro mata.

Za mu tafi, Kyauta ta ninke zanenta, ta rasa yadda za ta yi sallama. Rahama tana kankare tukunya, ba ta ɗago ba.

"Lahadi akwai baiko. Marhin ga ba shi zama sai da mai riƙo. Ki zo da wuri."

Har yau in Kyauta ta gamu da Rahama idonta a ƙasa yake, kuma bencin baya take zama. Na ce mata maƙeri zai miƙe marfin nan kafin a sha ruwa. Ta ce in rufa mata asiri kada Rahama ta ji.